Tambaya da Amsa: Dillali Ya Turo Mini Hoton Jirgin Mai, Ko In Biya Kuɗin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maradi, kuma shekara 11 ke nan ina sarin man girki a jarka daga hannun manyan ƴan kasuwa. A watan jiya wani abokin ciniki ya haɗa ni da wani dillali da ke zaune a Lome, wanda ya ce akwai ƙaramin jirgin ruwa na dakon mai da ya taso daga Abijan ɗauke da tan 7,000 na tataccen manja, kuma idan na ba da kafin alƙalami na miliyan 20 na sefa za a ware mini tan 150 a kan farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Don in samu natsuwa ya turo mini hoton taswira ta WhatsApp, ga jirgin nan ja a cikin teku kusa da Lome. A jikin hoton akwai sunan jirgin, sannan an rubuta DWT 4950, GT 3150, tsawo mita 96, faɗi mita 15, sai "tirant d'eau" mita 3.8, sai wasu haruffa TGLFW. Ɗana ya shiga intanet ya nemi sunan, sai ya tarar da jirage uku masu wannan suna, ɗaya ma yana can tekun Asiya. Malam, ta yaya zan san inda jirgin nan yake a gaskiya, da kuma abin da yake iya ɗauka? Dillalin yana ta matsa mini lamba cewa idan mako ya fita wani zai karɓi kasona.

Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Sabon Gari, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ka yi dabara da ka kwafo mini alƙaluman hoton ɗaya bayan ɗaya, domin hoton da dillalin ya turo don ya kwantar maka da hankali shi ne shaida na farko da ya ƙaryata shi. Ka riƙe kuɗinka tukuna.

Mu ɗauki DWT. Wannan shi ne iyakar nauyin da jirgi zai iya ɗauka a tan ba tare da ya nutse fiye da ƙa'ida ba, kuma lissafin ya haɗa da komai: kayan ciniki, da man da injinsa yake sha, da ruwan sha, da abinci, da mutanen da ke cikinsa. Jirgin da aka rubuta masa 4,950, idan aka cire guzurinsa, abin da zai rage wa kaya bai cika wuce tan 4,500 zuwa 4,700 ba. To ta ina tan 7,000 za su shiga? Ko da tankunansa suna da sauran fili, doka ba ta yarda ya wuce alamar lodin da aka zana a jikinsa ba, kuma su kansu tankunan ba a cika su fiye da kashi 98 cikin 100, saboda mai yana kumbura idan ya ji zafi. Shi kuwa GT, da yawa suna ɗaukarsa nauyi saboda kalmar tan da ke cikin cikakken sunansa na Turanci, "gross tonnage", alhali awo ne na girman cikin jirgin gaba ɗaya, kuma da shi tashoshi suke yanka kuɗin shiga, da shi ake sanin dokokin da suka hau kan jirgin. Bai shafi cinikinka ba. Don ka ga girman abin da ake magana a kai, tan 4,500 na manja ya kusa lita miliyan 5, tunda tan ɗaya yana ba da kimanin lita 1,100, kuma idan kowace tankar mota za ta ɗauki tan 30 sai an yi sahu 150 kafin a kwashe shi. Amma a teku wannan yaro ne. Duk jirgin dakon man da bai kai DWT 10,000 ba ƙarami ake kiransa, manyan da suke lodin ɗanyen mai kuwa akwai masu ɗaukar ganga miliyan 1, akwai masu ɗaukar miliyan 2.

Abu na biyu da ya ɗauki hankalina shi ne mita 3.8 ɗin nan. Abin da Faransanci yake kira "tirant d'eau" shi ne zurfin da jikin jirgi ya nutse cikin ruwa. Kai da kake ganin kamiyo kullum a hanyar Ɗan Isa ka san wanda ya sha lodi tun daga nesa, ta yadda ya durƙusa a kan tayoyinsa, ka kuma san wanda ya sauke yana tafe yana tsalle-tsalle. Haka jirgi yake. Mai wannan girma, idan ya cika, nutsonsa yakan kai wajen mita 6, idan kuwa ya sauke ya rage sai ruwan tekun da ake zuba masa don kada iska ta yi wasa da shi, sai ya dawo wajen mita 3 da rabi zuwa 4. Saboda haka alƙaluman hoton sun fi kama da na jirgin da babu kaya a cikinsa. Ban ce wannan hujja ce yankakkiya ba, domin ma'aikacin jirgi ne yake rubuta wannan adadi da hannunsa a cikin na'ura, kuma ana samun wanda zai yi lodi ya manta bai canza ba. Sai dai idan aka haɗa shi da batun tan 7,000, alamu biyu ke nan da suka nuna hanya guda.

Game da jirage ukun da ɗanka ya gani, babu abin mamaki. Sunan jirgi ba mallakar kowa ba ne a duniya, kuma jirgi ɗaya yana iya canza suna sau huɗu ko biyar a rayuwarsa, duk lokacin da ya canza ubangida ko tuta. Abin da ba ya canzawa shi ne lambar IMO, wato lambar da ake bayarwa a ƙarƙashin tsarin hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedikwata a Landan. An ƙirƙiro tsarin a 1987, ya zama dole tun 1 ga Janairu 1996 a kan jiragen kaya masu GT 300 zuwa sama. Alƙaluma bakwai ce, ana rubuta ta a jikin jirgin, kuma tana tare da shi tun daga masana'antar da aka ƙera shi har ranar da za a yanka shi a sayar da ƙarfen. Mutanen Maradi, da suka daɗe suna cinikin motocin Kwatano, ba sa bukatar dogon bayani a nan: suna da tuta kamar fenti ne da lambar da ake ɗaurawa a gaban mota, IMO kuwa ita ce lambar shasi. Wanda ya turo hoton jirgi babu IMO kamar wanda ya kawo mota ne ya ɗora hannu a kan shasin yana cewa a dubi kyawun fentin.

Ka nemi lambar daga wurinsa. Idan ya turo, akwai ɗan lissafin da ɗanka zai yi a bayan takarda kafin ma a kunna data. A ɗauki alƙaluma shida na farko, a ninka na farko da 7, na biyu da 6, na uku da 5, na huɗu da 4, na biyar da 3, na shida da 2, sannan a tara. Alƙalamin ƙarshe na jimlar dole ya zama daidai da alƙalami na bakwai na lambar. Ga misali da lambar da na zaɓa don koyarwa kawai, 1234567: 7 da 12 da 15 da 16 da 15 da 12 sun ba da 77, ƙarshensa 7, kuma na bakwai ɗin 7 ne, ta tsaya ke nan. Lambar da aka ƙago da ka, sau tara cikin goma takan faɗi a wannan gwaji. Wadda ta tsallake kuwa ba ta tabbatar da gaskiyar dillali ba, domin kowa yana iya kwafo lambar jirgi na gaske.

Akwai wata lambar da za ka gani kusa da ita mai alƙaluma tara, ana kiranta MMSI, ita ce ta rediyon jirgin, kuma tana canzawa idan ya canza tuta. Alƙalumanta uku na farko suna nuna ƙasar da ya yi rajista: 636 Laberiya, 538 Tsibiran Mashal, 657 Najeriya, 671 Togo, 610 Benin. Mu ma Nijar an ware mana 656, duk da ba mu da ko taku ɗaya na gaɓar teku. Kada tutar Panama ko Laberiya ta tsorata ka, don kaso mai yawa na jiragen duniya a can suke rajista saboda sauƙin haraji, ko da masu su Girkawa ne ko Turkawa.

Yanzu sai batun inda jirgin yake. Taswirar da aka turo maka ta samo asali ne daga wata na'ura da ake kira AIS, wadda yarjejeniyar kare rayuka a teku ta wajabta, tun ƙarshen 2004, a kan duk jirgi mai GT 300 zuwa sama da yake tafiya tsakanin ƙasashe. An yi ta ne don jirage su riƙa ganin juna da dare ko cikin hazo kada su yi karo, ba don ƴan kasuwa ba. Tana karanta matsayin jirgi daga GPS ta watsa shi ta rediyo, kowane daƙiƙa 2 zuwa 10 idan yana tafiya, kowane minti 3 idan ya jefa anka ya tsaya. Saƙon a buɗe yake, duk mai eriya a bakin teku zai iya kama shi, kuma daga irin waɗannan eriyoyi ne shafuka kamar MarineTraffic da VesselFinder suke tattara abin da suke nunawa kyauta. A MarineTraffic, wanda ya fara a 2007 a matsayin aikin wata jami'a a Girka, jiragen dakon mai ja ne, na sauran kaya kore, na fasinja shuɗi. Shiga ba ya bukatar komai sai waya da data, a rubuta lambar IMO a gurbin nema.

Idan shafin ya buɗe, abin da za a fara dubawa shi ne lokacin da aka karɓi saƙon ƙarshe, kuma shi ne abin da masu turo hoto suka fi yankewa. Hoton jirgi a gaban Lome yana iya zama na jiya, yana iya zama na watan Azumin bara. Agogon shafin na Girinwic ne, wato GMT, daidai da na Lome, namu na Maradi yana gaba da shi da awa ɗaya. Sai a dubi gudu, wanda ake aunawa da not, kowane not ɗaya kilomita 1.852 a awa. Ƙaramin jirgin mai yakan yi not 10 zuwa 12, saboda haka daga Abijan zuwa Lome tafiyar kwana ɗaya da rabi ce, daga Lome zuwa Kwatano kuwa wajen awa 7. Jirgin da aka ce maka yana hanya tun watan jiya, ya kamata wani ya yi bayanin inda ya kwana.

Ya kamata kuma ka rarrabe abin da na'ura take faɗa da kanta da abin da mutum ya rubuta mata. Matsayi da gudu da alƙibla na na'ura ne. Tashar da za a je, da ranar isa, da zurfin nutso, rubutun hannu ne. TGLFW ɗin da ka gani laƙabin Lome ne a tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar yadda BJCOO yake Kwatano, CIABJ Abijan, GHTEM Tema. Ganinsa yana nufin wani a cikin jirgin ya rubuta Lome, ba ya nufin jirgin zai shiga tasha ya sauke kaya. Tekun da ke gaban Lome babbar matattara ce inda manyan jiragen mai daga Turai da wasu wurare suke tsayawa, ƙananan su jingina da su a juye musu fetur ko gazuwal su kai tashoshin yankin, kuma kullum za ka ga jajayen ɗigo da dama a wurin, waɗansu suna jiran aiki mako da makonni. Mai neman hoton jirgin da zai yi damfara da shi ba zai sha wahalar samu a can ba.

Abin da ya fi hoton yau amfani shi ne tarihin tashoshin da jirgin ya shiga. Shafukan suna nuna na kwanan nan kyauta, na baya sai an biya. Idan an ce ya yi lodi a Abijan, dole a ga ya shiga Abijan ya kwanta a bakin tasha na tsawon awanni masu yawa, sannan ya fito da nutso mai zurfi. Idan tashar ƙarshe da ya taɓa Legas ce ko Tema, magana ta ƙare.

Daga nan sai a buɗe shafin intanet na bayanan jirage mai suna Equasis, wanda ni a ganina ya fi taswirar muhimmanci duk da mutane ba su san shi sosai ba. Hukumar Tarayyar Turai da hukumar teku ta Faransa ne suka assasa shi, ya fara aiki a 2000, kyauta ne, rajista da adireshin imel kawai yake bukata. Da lambar IMO zai nuna shekarar da aka ƙera jirgin, da tsofaffin sunayensa da tutocinsa, da kamfanin da ya mallake shi da wanda yake tafiyar da shi, da hukumar da take duba lafiyarsa kamar Bureau Veritas ko Lloyd's Register ko DNV, da inshorarsa, da lokutan da aka taɓa tsare shi a wata tasha saboda aibi. A nan ne za ka ga nau'insa, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye tunda abin ci ake magana. Tun 1 ga Janairu 2007 dokar hana gurɓata teku ta sa man tsirrai a ajin kayan da jiragen dakon sinadarai ne suke ɗauka, masu jiki ninki biyu. Manja kuma yana daskarewa idan ya ji sanyi, don haka tankunan suna bukatar bututun ɗumama, kuma ƙungiyar FOSFA ta masu cinikin mai da kitse tana da jerin kayan da idan jirgi ya ɗauke su a zuwan da ya gabata ba a yarda a zuba man ci a tankinsa ba. Idan Equasis ya nuna jirgin na dakon kwalta ne, ko na shayar da wasu jirage baƙin mai, to ko da kyauta aka ba ka abin da ke cikinsa ba na tukunya ba ne. 

To, a ɗauka komai ya yi daidai: lambar ta tsaya, jirgin na sinadarai ne, ya fito Abijan shekaranjiya, nutsonsa mita 6. Alhaji, duk da haka ba ka ga kayanka ba, jirgi ka gani. AIS ba ta faɗin wanda ya mallaki abin da ke cikin tanki, kuma ni da nake zaune a nan zan iya ɗaukar hoton kowane jirgi in tura maka in ce nawa ne. Wannan shi ne cinikin biri a sama, sai dai birin nan yana tsakiyar teku. Abin da yake nuna mai kaya shi ne takardar lodi, wadda ƴan taranzit, masu fitar wa mutane kaya daga tasha, suke kira "connaissement", mai ɗauke da sunan jirgi, da tashar lodi, da ranar, da adadin tan, da wanda za a miƙa wa kayan. Ita ma ana buga ta jabu da kwamfuta, saboda haka ba daga hannun dillali ake tabbatar da ita ba. Kowane jirgi da zai shiga Lome yana da kamfanin da yake wakiltarsa a tasha, kuma taranzitan da kai ka sani, wanda ya taɓa fitar maka da kaya daga duwan, zai iya zuwa da ƙafarsa ya tambaya ko an sanar da zuwan jirgin da sunan wanda kayan suke. Hukumar CNUT, mai kula da masu shigo da kaya na Nijar, tana da wakilai a tashoshin da kayanmu suke bi, kuma tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 kaya da yawa suka koma bin Lome ta Burkina Faso, ido ya ƙaru a can. Ka kuma sani cewa ba a ɗebo tan 150 daga bakin jirgi kamar ana ɗibar ruwa a rijiya: ana juye man ne a manyan tankunan ajiya na tasha, daga can ake loda wa motoci ko a ɗura a jarka. Don haka tambayar da za ka yi wa dillalin ita ce wace ma'ajiya ce za ta karɓi man, kuma wa zai sa hannu a takardar sakin kasonka. Idan ciniki na gaske ne, a bi ta banki, kuɗi su fita bayan takardu sun tabbata. Idan ya ce mako zai fita, ka bar shi ya fita.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ƙanena yana aikin girki a wani ƙaramin jirgin mai da yake zirga-zirga tsakanin Lome da tashoshin kudu. Ya koya mini duba jirgin a waya, amma yau kwana 9 alamar tana wuri ɗaya ba ta motsa ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Mahaifiyarmu ta daina barci. Ko wani abu ya same su?

Daga wata baiwar Allah, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Hajiya, Allah ya kwantar da hankalin Inna, ya dawo da shi lafiya. Ki dubi ƙasan alamar, za ki ga an rubuta lokacin da aka karɓi saƙon ƙarshe. Idan ya nuna kwana 9, to ba jirgin ne ya tsaya ba, nan ne wurin da eriyar bakin teku ta ji shi na ƙarshe. Rediyon AIS ba ya cika wuce kilomita 70 ko makamancin haka, eriyoyin kuma ba su da yawa a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma nisan da ya ɓatar da jirgi daga taswira ya riga ya ɓatar da layin waya tun tuni. Taurarin ɗan Adam suna kama saƙon a tsakiyar teku, amma shafukan sai an biya suke nuna wannan. Akwai kuma kyaftin ɗin da yake kashe na'urar da gangan a mashigin tekun Gini saboda ƴan fashi, kuma ƙa'ida ta ba shi wannan dama idan ya ga haɗari, domin a 2020 kaɗai ma'aikata 130 aka sace a wannan yanki cikin 135 na duniya baki ɗaya, ko da yake abin ya ragu sosai a shekarun da suka biyo baya.

Kamfanin jirgin ya san inda yake, don yana magana da kyaftin ta tauraro, kuma akwai wani tsari dabam da yake aika matsayin jirgi ga ƙasar tutarsa kowane awa 6, wanda ba a nuna wa jama'a. Ki sa a nemo miki sunan kamfanin da yake tafiyar da jirgin a Equasis da lambar IMO, ko ofishin da ya ɗauki ƙanenki aiki, ki ba su cikakken sunansa da aikinsa a jirgin, ki nemi su faɗa miki tashar da za su shiga nan gaba da ranar. Idan suka yi ta yi miki hanya-hanya, ƙungiyar ITF ta ma'aikatan sufuri ta duniya tana karɓar ƙorafin iyalan matuƙa, kuma abin da za su fara tambayarki shi ne wannan lamba mai alƙaluma bakwai, don haka ki rubuta ta a takarda ki ajiye.